Birai Hamsin a Gaban Alƙali: Ayyukan Ayub Ommaya da Abin da Ƙidayar Ambato Ba Ta Gani

Tsakure

Takardar nan ta bi sawun maƙala guda ta Ayub Khan Ommaya, likitan tiyatar ƙwaƙwalwa ɗan asalin Pakistan, tun daga ɗakin gwajin da ta fito a 1968 har zuwa zauren kotu. An zaɓi Ommaya ne saboda ƙafarsa ɗaya tana kimiyyar ƙarfi da motsi, ɗayar tana likitancin shari'a, fagage biyu da al'adar rubutunsu ta sha bamban. Abin da takardar ke son tabbatarwa shi ne, yawan ambato yana nuna nisan tafiyar da maƙala ta yi, amma ba ya nuna ko ta isa da kayanta cikakku. A fagen da ra'ayin masani ke iya kai mutum kurkuku, wannan giɓi ba na wasa ba ne.

1. Gabatarwa



Wanda duk ya zauna a kwamitin ƙarin girma na jami'a a 'yan shekarun nan ya san takardar da ake liƙawa a saman fayil: hoton shafin Google Scholar ko na Scopus, ɗauke da jimillar ambato da lambar h. Na taɓa zama a irin wannan kwamiti aka miƙo fayil mai kauri kamar bulo. Muka dubi lambobin da ke sama, muka gyaɗa kai, aka ture shi gefe aka jawo na gaba. Ba a buɗe maƙala ko ɗaya ba. Tun ranar abin yake ci mini tuwo a ƙwarya, domin shekarun rayuwarsa mutumin ya miƙo mana mu duba, mu kuwa muka tsaya ga lamba biyu.

Ban zo in ce a zubar da ƙidayar ambato ba. Tana taimaka wa ɗalibi ya san inda zai fara karatu, tana kuma tona asirin mujallun bogi da ba mai waiwayarsu. Na zo ne da mutum ɗaya da maƙala ɗaya, mu zauna a kansu mu ga abin da ke ɓoye a ƙarƙashin lambar.

2. Daga kotu ƙidayar ta fito

A 1873 wani mai tallar littattafan shari'a a birnin Shikago, Frank Shepard, ya fara buga 'yan takardu masu danƙo da lauya zai manna a gefen hukunci a cikin littafinsa. 'Yar takardar tana gaya masa hukunce-hukuncen da suka ambaci wannan daga baya. Tsarin da ya ginu a kan haka bai tsaya nan ba, yana sa alama mai nuna fuskar ambaton: an bi hukuncin, an rushe shi, an yi suka a kansa, ko an ce bai dace da wannan shari'a ba. Lauyan da ya jingina da hukuncin da aka riga aka rushe, a gaban alƙali zai sha kunya.

Wannan dabara Eugene Garfield ya aro. A 1955 ya rubuta a mujallar Science cewa kimiyya ma tana buƙatar irin wannan kundi, kuma hujjarsa ta farko ita ce a hana masu bincike dogara da bayanan da aka riga aka ƙaryata ba su sani ba. Kundin nasa, Science Citation Index, ya fara fita a kai a kai a 1964. Sai dai wajen kwaso kayan an manta da mafi daraja a cikinsu, wato alamar nan mai nuna fuskar ambato. Maƙalun kimiyya sun fi ƙarfin a zauna a karanta kowace a sa mata alama, sai aka wadatu da ƙirge. Daga ranar, wanda ya gaskata ka da wanda ya ƙaryata ka da wanda ya kwafo sunanka daga jerin wani, duk maki ɗaya suke ba ka.

A 2005 Jorge Hirsch, masanin fiziya a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego, ya kawo lambar h. Mai lamba 20 shi ne wanda yake da maƙalu 20 da aka ambaci kowace aƙalla sau 20. Sauƙinta ya sa ta bazu kamar wutar daji, har ta kai a 2012 wasu editoci da masana suka tsara Sanarwar San Francisco, a 2015 kuma aka fitar da Bayanin Leiden mai ƙa'idoji goma, duka biyun suna jan kunnen jami'o'i da kada lamba ta maye gurbin karatu.

Shin masu ambaton ma suna karantawa? Mikhail Simkin da Vwani Roychowdhury na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles sun bi wata hanya mai wayo. Sun lura cewa kuskuren lambar shafi ko ta juzu'i a cikin ambato yakan maimaitu iri ɗaya sak a maƙalu da dama, alamar kwafa ake yi daga jerin wani. Daga yawan maimaituwar suka ƙiyasta, a aikin da aka buga a 2003, cewa kusan kashi 20 cikin 100 ne kawai na masu ambato suka karanta asalin abin da suka ambata.

Mu da muka taso a zauren karatu wannan ba baƙon ciwo ba ne a wurinmu. Malaman hadisi ba su taɓa yarda cewa shaharar magana a bakin mutane ita ce ingancinta ba. Sukan bi isnadi mutum bayan mutum: wane ne wannan, ya haɗu da wanda ya ce ya ji daga gare shi, lafazin da ya karɓa shi ya isar ko ya ƙara gishiri? Wanda ya ruwaito abin da bai ji da kunnensa ba, da lafazin da ke nuna kamar ya ji, suna da sunan da suke kiran aikinsa, tadlisi. Ruwayoyi ɗari da suka koma ga mutum ɗaya, a wurinsu shaidar mutum ɗaya ce. Da wannan ido nake so mu dubi abin da ke tafe.

3. Ommaya da gadon da ya tarar

An haifi Ommaya a 1930 a Mian Channu, a yankin Punjab na Pakistan ta yau. Ya yi karatun likita a Kwalejin King Edward da ke Lahore, ya tafi Oxford da tallafin karatu na Rhodes, sannan a 1961 ya wuce Amurka ya kama aiki a Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa da ke Bethesda. Ya rasu a Islamabad a 2008, ya bar rubuce-rubuce fiye da 150.

Abin da ya fi yawo da sunansa shi ne 'yar na'urar da ya bayyana a mujallar Lancet a 1963: ƙaramar ma'ajiya da ake dasawa a ƙarƙashin fatar kai, da siririn bututu da ke kaiwa ga ramukan ruwan ƙwaƙwalwa, don a riƙa zuba magani kai tsaye maimakon a yi ta huda gadon bayan majiyyaci. Har gobe ana amfani da ita a sassan ciwon daji na asibitocin duniya, kuma da sunansa ake kiranta. Amma likitan da ya rubuta cewa ya dasa ma'ajiyar Ommaya ba lallai ya ambaci maƙalar 1963 ba, kamar yadda mai sayen man dizal ba ya tuna Rudolf Diesel. Masanin zamantakewa Robert Merton ya daɗe da lura da haka: aikin da ya shige jikin fage sosai, a ƙarshe daina ambatonsa ake yi. Kun ga tun daga nan ma'aunin ya fara tauye wa mutum haƙƙi, a daidai wurin da ya fi cin nasara.

Aikinsa a kan raunin kai kuwa, tushensa na Oxford tun kafin ya taka garin. Hugh Cairns, ɗaya daga cikin likitocin da suka duba T. E. Lawrence bayan hatsarin babur ɗin da ya yi ajalinsa a 1935, shi ne ya matsa a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu sai da aka tilasta wa sojojin Birtaniya masu babur sa hular kwano. Hular da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta tilasta wa 'yan acaɓa a Nijeriya a Janairun 2009 jikar wannan fafutuka ce. A sashen Cairns akwai wani masanin fiziya, A. H. S. Holbourn, wanda a 1943 ya fitar da gajeriyar maƙala a Lancet da ta sauya yadda ake tunanin raunin ƙwaƙwalwa.

Bari in kawo maganarsa kusa. Ɗauki ƙwaryar kindirmo da ya kwana ya kama jikinsa. In ka tura ƙwaryar gaba a miƙe, kindirmon zai tafi tare da ita a dunƙule, ba abin da ya same shi. Amma murɗa ta da sauri kamar mai juya sitiyari: na bakin ƙwarya ya bi ƙwarya, na tsakiya ya tsaya a baya, sai ka ga ya tsattsage ruwa ya taso. Haka ƙwaƙwalwa take a cikin ƙoƙon kai. Matse ta yana da wuya ƙwarai, gocewar sashenta a kan sashe kuwa abu ne mai sauƙi. Don haka Holbourn ya ce juyawar kai ta farat ɗaya ita ce babbar mai ɓarna, ta fi tafiyarsa a miƙe haɗari. Ya nuna haka da jelatin da ya zuba a cikin ƙoƙon kai na kaki, yana haska shi don ya ga inda ya fi jin jiki. An ambaci wannan maƙala fiye da sau dubu. Amma da yake 'yan maƙalu ƙalilan ne ya fitar a wannan fage tsakanin 1943 da 1945, kuma lambar h ba ta iya wuce adadin maƙalun mutum, da fayil ɗinsa zai zo gaban kwamitinmu yau, da wuya ya haye.

Holbourn ya bar wata ƙa'ida kuma: gwargwadon ƙanƙantar ƙwaƙwalwa, gwargwadon juyin da za ta iya jurewa. Da ita ake ɗaukar sakamakon gwajin dabba a lissafa na mutum. Ommaya ya ɗauki ra'ayin daga jelatin ya kai shi ga dabba mai rai. A 1967 shi da abokan aikinsa suka gabatar da lissafin sauya ma'auni daga biri zuwa mutum a Taron Stapp na haɗurran mota, a 1974 kuma shi da Thomas Gennarelli suka buga a mujallar Brain cewa gwargwadon ƙarfin juyin, gwargwadon yadda ɓarnar ke nutsawa daga saman ƙwaƙwalwa zuwa tsakiyarta. Ita ma an ambace ta fiye da sau dubu, kuma a ganina ta cancanci kowane ɗaya. Daga 1980 zuwa 1985 ya zama babban mai ba hukumar kiyaye haɗurran manyan hanyoyi ta Amurka shawara kan lafiya. Aikin irin wannan kujera yana shiga ƙa'idojin ƙera mota da tsarin gwamnati, wuraren da Scopus ba ya leƙawa.

4. Maƙalar 1968 da tafiyar da ta yi

Ommaya da abokan aikinsa Faas da Yarnell sun buga ta a mujallar JAMA. Tambayarsu ta mota ce: in aka daki mota ta baya, kan wanda ke ciki ya fizgu ba tare da ya bugi komai ba, ƙwaƙwalwa za ta iya rauni? Suka ɗauki birai 50, aka ba su maganin sa barci, aka ɗaure kowanne a kujera mai tafiya a kan dogo, aka bar kai da wuya a sake. Sai wani fistan mai aiki da iska ya daki kujerar ta baya da ƙarfi irin na karon mota. Birai 19 suka suma. A cikin 19 ɗin, 15 an tarar jini ya taru a ƙarƙashin tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa, wasu kuma an ga rauni a inda ƙwaƙwalwa ta haɗu da lakar wuya. Amsar ta fito: e, fizga kaɗai tana iya yin ɓarna in ta kai wani ƙarfi.

Ku riƙe abubuwa uku a nan. Fizga ɗaya ce. Inji ne ya yi ta. Kuma ba jarirai aka gwada ba.

Bayan shekara uku, Norman Guthkelch, likitan tiyatar ƙwaƙwalwar yara a garin Hull na Ingila, ya rubuta a British Medical Journal game da yara 23 da ake zargin an ci zarafinsu. Goma sha uku suna da irin wannan taruwar jini, biyar daga cikinsu ba wata alamar duka a kai. Guthkelch ya san cewa a yankin da yake aiki iyaye da yawa suna ganin jijjiga yaro ya fi marinsa sauƙi. Ya kawo shawarar cewa mai yiwuwa jijjigar ce sanadi, ya jingina da gwajin Ommaya don nuna cewa abin mai yiwuwa ne. A 1972 da 1974 John Caffey, shahararren likitan hoton ƙashin yara a Amurka, ya faɗaɗa maganar ya ba ta suna, shi ma ya ambaci biran. Daga nan aka sami abin da ake kira ciwon jijjigaggen jariri, da alamominsa uku: jini a ƙarƙashin tantanin ƙwaƙwalwa, jini a can cikin ido, da kumburi ko tabuwar ƙwaƙwalwa.

A nan ne isnadin ya fara sauya lafazi. Abin da Guthkelch ya kawo a matsayin zato mai kyau da za a gargaɗi iyaye da shi, a bakin na baya ya zama "an tabbatar". Daga "jijjiga na iya jawo waɗannan alamomi" aka koma "waɗannan alamomi na nufin an jijjiga", daga nan kuma "wanda ke riƙe da yaron a ƙarshe shi ne ya yi". Kowane mataki ya samu masu ambato, kowane mai ambato ya ƙara wa maƙalar 1968 maki. Ma'auni yana ta hawa, alhali abin da ake jingina mata ya fi abin da ta faɗa.

A 1987 Ann-Christine Duhaime da abokan aikinta a Jami'ar Pennsylvania, cikinsu har da Gennarelli da injiniya Lawrence Thibault, suka koma ga awo. Sun duba yara 48 da aka ce an jijjiga su. Goma sha uku sun rasu, kuma dukansu an tarar da alamar bugu a kai, fiye da rabi ma sai wajen binciken gawa aka gan ta. Sannan suka haɗa 'yan tsana masu girman jaririn wata ɗaya, suka cika kawunansu da jiƙaƙƙiyar auduga don su yi nauyi, suka sa musu na'urar awon fizga. Aka jijjiga su, aka kuma buga kawunansu. Fizgar bugu ta ninka ta jijjiga kusan sau 50, kuma jijjiga kaɗai ba ta kai mizanin da ake sa ran zai yi rauni ba.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Mizanin da suka gwada 'yan tsanar da shi daga ina ya fito? Daga birai, ta hanyar ƙa'idar Holbourn. Ƙwaƙwalwar jariri kuwa ba ƙaramar ƙwaƙwalwar babba ba ce. Ta fi ruwa-ruwa, ƙoƙon bai gama haɗewa ba, maɗiga na buɗe, wuya bai iya ɗaukar kai ba. A 2003 wasu masu bincike a Cardiff, Cory da Jones, suka nuna cewa in an ɗan sauya yadda aka ƙera wuyan 'yar tsanar, sakamakon yana sauyawa sosai. Ashe masu cewa jijjiga kaɗai tana kisa da masu cewa ba ta yi, duk rijiya ɗaya suke ɗiba, kuma rijiyar ba a haƙa ta don wannan tambaya ba.

5. A zauren kotu

Kotunan Amurka suna da ma'auni biyu na karɓar shaidar kimiyya. Hukuncin Frye na 1923 yana tambaya ko masanan fagen gaba ɗaya sun yarda da hanyar. Hukuncin Daubert na 1993 ya ƙara tambayoyi, cikinsu har da ko an buga aikin bayan takwarori sun tantance shi. Duka biyun suna buɗe ƙofar da yawan maƙalu da yawan ambato za su shigo su zauna a kujerar hujja.

A 1997 aka gurfanar da Louise Woodward, 'yar Birtaniya mai renon yara, a jihar Massachusetts kan mutuwar jariri ɗan wata takwas. Masu taya alƙali yanke hukunci suka same ta da laifin kisan kai, alƙali Hiller Zobel ya sassauta laifin zuwa kisa ba da niyya ba, ya sake ta a kan kwana 279 da ta riga ta yi a tsare. Ommaya yana cikin waɗanda suka ba da shaida a ɓangarenta. Ku dubi wannan da kyau: ra'ayin da ake tuhumar ta da shi yana jingine da gwajinsa, shi kuma yana tsaye a ɗaya ɓangaren. A 2002 shi da Thibault da Werner Goldsmith, farfesan kimiyyar ƙarfi da motsi a Berkeley, suka rubuta a British Journal of Neurosurgery cewa da wuya hannun mutum ya iya samar da ƙarfi da saurin fizgar da injinsu ya yi wa biran. Guthkelch shi ma a 2012, yana da shekara casa'in da wani abu, ya rubuta yana nuna damuwa da yadda ake tsallakawa daga alamomi uku zuwa tabbatar da laifi.

Kada wani ya fita daga wannan zaure yana cewa na ce jijjiga jariri ba komai ba ne. Haɗari ne babba, kuma ana kashe yara da hannu a kowace ƙasa. A 2010 Catherine Adamsbaum da abokan aikinta a Faransa sun duba shari'o'i 112, a 29 daga ciki waɗanda ake tuhuma sun amsa da bakinsu cewa sun yi jijjiga mai tsanani, fiye da rabinsu ba sau ɗaya ba. Mafi yawan likitocin yara suna kan cewa ciwon gaskiya ne, kuma Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka a 2009 ta ba da shawarar a riƙa kiransa raunin kai na cin zarafi, sunan da bai ɗaure kansa ga jijjiga kaɗai ba. Ɓangaren masu shakka ma yana da nasa raunanan ruwayoyi. Maƙalar Faris Bandak ta 2005 a Forensic Science International, mai cewa wuyan jariri zai karye kafin ƙwaƙwalwa ta taɓu, a shekarar da ta biyo baya Susan Margulies da wasu injiniyoyi sun rubuta cewa sun sake lissafin da alƙalumansa sun tarar da manyan kurakurai. Masu ƙaryata ta ma maki suka ƙara mata.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne aikin hukumar tantance hanyoyin lafiya ta Suwidin a 2016. Ba ta ƙirga ba, karantawa ta yi. Daga taƙaitattun bayanai 3,773 ta karanta maƙalu 1,065 cikakku, 30 suka cika sharuɗɗanta, biyu kacal ta ce ingancinsu matsakaici ne. Babban aibin da ta gani shi ne zagaye: a yi amfani da alamomi uku a ce an jijjiga yaro, sannan a sa shi a lissafin da ke nuna cewa alamomin suna nufin jijjiga. Ƙungiyoyin likitocin yara da dama sun yi wa rahoton ca, suna cewa sharuɗɗansa sun yi tsauri har ya zubar da shaidu masu amfani, kuma wannan suka tana da nata nauyi. Duk da haka, tazarar da ke tsakanin 1,065 da 2 ita ce tazarar da ke tsakanin ƙirge da karatu.

A 2022 wani alƙali a jihar New Jersey ya hana a gabatar da shaidar jijjiga kaɗai a wata shari'a, a 2023 kotun ɗaukaka ƙara ta goyi bayansa. Hujjarta ta dace da maganarmu: tunda ra'ayin ya haɗa likitanci da kimiyyar ƙarfi da motsi, yardar likitoci kaɗai ba ta isa ba, sai an ji ta bakin injiniyoyi. Likitocin yara dubbai ne, mujallunsu manya ne, suna ambaton juna da yawa. Injiniyoyin raunin kai 'yan tsiraru ne, ayyukansu da yawa a kundin taruka suke. In aka bar ƙidaya ta raba gardama, masu yawa ne za su ci tun kafin a buɗe baki.

6. Abin da ya shafe mu

Alan Wayne Jones, masanin guba na shari'a a Linköping ta Suwidin, ya shafe shekaru yana rubutu a kan yadda mujallun likitancin shari'a ke da ƙarancin ambato in an gwada su da na sauran sassan likitanci. Dalilin a fili yake. Masu cin moriyar irin wannan bincike su ne likitan gawa, ɗan sanda, lauya da alƙali, kuma waɗannan ba maƙala suke rubutawa ba, rahoto da hukunci suke rubutawa. Matashin malaminmu da ya zaɓi ya auna yadda kan ɗan acaɓa ke fashewa a kan kwalta, ko ya tsara yadda za a bambance faɗuwa daga gado da duka, zai zo gaban kwamiti da ƙaramar lamba. In muka auna shi da mudun masu binciken ƙwayoyin halitta, mun kore shi daga fagen da muka fi kowa buƙatar mutane a cikinsa.

Sashe na 68 na Dokar Shaida ta Nijeriya ta 2011 ya ba kotu damar sauraron ra'ayin ƙwararre a kan abin da ya shafi kimiyya. Littattafan da ƙwararrunmu suka karanta daga Ingila da Amurka suka zo, kuma littafi yakan kawo hukuncin ƙarshe ya bar gardamar a can. Likitan da zai tsaya a gaban alƙali ya ce "binciken duniya ya tabbatar", wajibi ne ya san ko tabbatarwar daga jarirai ta fito, ko daga birai, ko daga 'yar tsana mai kan auduga. Lauyan da ke gabansa kuma yana da haƙƙin ya tambaye shi ko ya karanta maƙalar da idonsa.

Roƙona ga shugabannin sassa da 'yan kwamitocin ƙarin girma da ke zaune a nan shi ne: ku nemi kowane mai neman ƙarin girma ya zaɓo maƙalu biyar da ya fi tinƙaho da su, ku karanta su, sannan ku buɗe goma daga cikin waɗanda suka ambace su ku ga me suka ce ya ce. Ga masu duba ɗaliban digiri na biyu da na uku kuma, kada ku sa hannu a kan babin bitar ayyukan magabata sai ɗalibi ya ajiye muku maƙalun a kan tebur kun ga inda ya ja layi.